Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jahar Damagaram: wanda kajinsa suka mutu, wa zai faɗa wa?

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna, ina gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙon wannan jaha. Na san takardu sun yi maka yawa a tebur, shi ya sa ba zan ja ka da dogon yabo ba, zan tafi kai tsaye ga abin da ke cina a rai.

Ranka ya daɗe, yau a ƙasar Damagaram mutumin da kajinsa ko awakinsa suka fara mutuwa haka kawai ba a san dalili ba, in ya tashi ya je ya sanar da hukuma shi ke da asara, in ko ya yi shiru ya sa wuƙa ya kai kasuwa to ya tsira da ɗan wani abu. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki waya ina rubuta maka, duk sauran abin da zan faɗa a bayanta yake. Muddin lissafin talaka ya tsaya a haka, ko atelye nawa aka yi a otel kan shirin tarbar annoba ta gaba, ku masu mulki ku ne za ku zama na ƙarshen jin labari, kuma ranar da labarin zai iso muku mutane za a tarar kwance a likita, lokacin duba kaza ya riga ya wuce.

Ni malamin lakwal ne, ina kiwon kaji da zabbi a bayan gida kamar kowane magidanci a garin nan, dangina kuma rabi suna wajen Magarya rabi wajen Matamai. Don haka abin da ya faru a 2006 ba labari aka ba ni ba, kai ma ka san shi. Farkon shekarar murar tsuntsaye mai suna H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a jahar Kaduna, kafin watan Fabrairu ya ƙare an tabbatar da ita a jikin agwagi a Magarya, nan ta fara shigowa Nijar, ta ƙofarmu. Samfurin sai da aka kai shi Italiya kafin a ce ga abin da ke kashe su, kuma bayan an tabbatar sai da aka kwashe makonni kafin a fara kashe kajin da ke kewaye a binne. To a cikin waɗannan makonnin me ake tsammani mutane sun yi? Sun zauna suna jiran a zo a kashe musu dukiya? Wanda ke da mashin ya ɗaure akurki ya fita da dare, wanda ba shi da shi ya yanka ya soya, yara suka ci.

Allah ne ya kiyaye mu wallahi. Cutar nan, cikin mutanen da aka tabbatar sun kamu da ita a duniya tun 2003 kusan rabi sun rasu, kuma a Legas ta kashe wata matashiya a farkon 2007. Abin da ya hana ta zama annobar duniya shi ne har yanzu ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi. Ta sake dawowa Nijar a 2015 ta Maraɗi, tun 2024 kuma ta shiga shanun madara a Amurka, abin da da ba a taɓa gani ba, wato ƙwayar ba a zaune take ba, tana ta gwada jikin dabbobi iri iri. Ina tambayarka don Allah, shekara da shekaru bayan Magarya, me ya sake a ƙauye?

Na san wani zai ce ina ruwan mutuwar kaji da annoba irin korona. Ruwa da tsaki kuwa. Masana lafiya sun daɗe suna faɗin cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na cututtukan da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke fitowa, cikin sababbin da ke ɓullowa kuwa kusan uku cikin huɗu. Ebola da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Gini ta fara, a jikin ƙaramin yaro, ta yi watanni tana kisa kafin a san sunanta. Korona kanta, da yawa cikin waɗanda suka fara kamuwa suna da alaƙa da wata kasuwa a birnin Wuhan inda ake sayar da dabbobi da ransu. Kuma hannun mutum na cikin duk wannan dumu dumu, mu ke sare daji mu shiga inda namun dawa suke, mu ke cunkusa dabbobi iri daban daban wuri guda, mu ke loda su a kamyo mu tsallaka iyaka da su cikin kwana ɗaya, mu ke ɗura musu magani ba ƙa'ida. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma Allah bai ce mu bar sababi ba.

Ranka ya daɗe ina roƙonka wata rana ka ajiye jerin motoci ka shiga wajen 'yan kaji a kasuwa da sassafe, ko ka aiki wanda ka yarda da shi ya zo ya ba ka labari. Za ka ga mai mashin ya iso daga ƙauye da akurki uku huɗu a ɗaure bisa juna, kaji a ƙasa, zabbi a sama, agwagi da tattabaru a gefe, kashin na sama na zuba kan na ƙasa, wasu sun kwana biyu a hanya daga wannan kasuwa zuwa waccan. Wadda ta fara lumshe ido ta sunkuyar da kai ita ake fara yankawa a sayar da araha kafin ta mutu ta zama mushe. A gefe ga yaran da ke figa, 'yan shekara goma sha, da yawansu almajirai ne, hannu ba safa ƙafa ba takalmi, suna tsoma kaza a rabin duro na ruwan zafi da ba a sake shi ba tun safe, gashi na tashi yana shiga hanci, kayan ciki a watsa a lambatu karnuka su ja. Yaron nan da 'yan dalolin da ya samu zai sayi abinci ya ci da wannan hannun, da dare ya kwana cikin 'yan uwansa cunkus a zaure ɗaya. Ban faɗi haka don in ɓata sana'ar kowa ba, mutanen nan halal suke nema kuma albarkacinsu muke cin nama. Amma in akwai wurin da ƙwayar cuta za ta koyi kama mutum a garin nan to nan ne, kuma ni dai wanda nake gani yana zuwa wurin ba fashi mai karɓar kuɗin tikiti ne.

Da hunturun da ya wuce kaji suka fara zuba a ƙauyen da ƙanwata ke aure. Da safe lafiya lau suna kiwo, da yamma a tarar da su a kwance, kwana kaɗan unguwa guda ta yi tsit ba carar zakara. Ta kira ni, na ce kar ta taɓa su da hannu, kar a ci, a je a sanar. Mijinta ya hau mashin ya je ya samu wani ma'aikaci, mutumin kirki wallahi, ya saurare shi sannan ya faɗa masa gaskiya, ba esans a mashin ɗin aiki, ba kayan ɗaukar samfuri, ba ƙanƙarar da za a sa shi ciki, ko ya rubuta rapor bai san ranar da za a amsa ba. Ya ce su binne matattun su kulle sauran. Suka binne. Maƙwabta kuwa da suka ji an je wajen hukuma sai tsoro ya kama su kar a zo a kashe musu kaji a banza, washegari ranar kasuwa ce, kowa ya kwashe abin da ya rage masa ya sayar. Ƙanwata da ta bi doka ita ce ta tashi ba ko kaza ɗaya, har ana yi mata kallon wadda ta so jawo wa gari masifa. Wataƙila ciwon kaji ne na kowace shekara, wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wanda ba ya kashe mutum. Wataƙila kuma ba shi ba ne. Da ido ba a bambanta shi da murar tsuntsaye, ko likita ne sai ya kai labo, kuma nan ne abin tsoron yake, don mun saba da mutuwar kaji lokacin ɗari har ba ta ɗaga wa kowa hankali, ranar da mai kisan za ta zo a cikin rigar wadda muka saba za ta shigo. Kajin wancan ƙauyen kuma sun shiga gidaje nawa, sun kai gari nawa, babu wanda ya bi sawu.

Ka san mece ce kaza a hannun macen ƙauye. Ita ce kuɗin ordinas in yaro ya yi zazzaɓi, ita ce sabulu, ita ce gudummawar biki, akuya kuwa ita ce hatsi in rumbu ya ƙare kafin kaka. Ba za ka ce wa wannan baiwar Allah ta hallaka dukiyarta don kare lafiyar duniya sannan ka juya ka tafi ba. Wa'azi kaɗai ba zai yi ba, sanarwa a rediyo kaɗai ba za ta yi ba, jandarma ma ba zai yi ba, in aka tsananta sai dai a ƙara ɓoyewa. Abin da zai yi shi ne diyya, kuma diyyar da aka san da ita tun kafin ciwo ya zo. A kafa asusu a nan jaha, wanda ba sai an rubuta Yamai an zauna jiran sa hannu ba. A yanke farashi tun yanzu a faɗe shi kowa ya ji, kaza nawa, zabuwa nawa, agwagwa nawa, akuya nawa, kuma farashin ya yi kusa da na kasuwa, don in kasuwa ta fi tsoka kasuwa za a kai. A biya cikin mako guda a gaban mai gari, a hannun mai dabbar, kuma a kula da wannan sosai don yawancin kajin ƙauye na mata ne, in aka damƙa wa maigida kuɗin sau da yawa ba ya isa inda ya kamata, gobe kuma matar ba za ta sake buɗe baki ba. Wanda ya fara kai rahoto a ƙara masa wani abu a kai, a yaba masa a bainar jama'a, ya zama abin koyi a garin maimakon abin zunɗe.

Na san amsar da za a ba ni, babu kuɗi. Ranka ya daɗe, a lissafa mana abin da ƙasar nan ta yi asara a 2020 da aka rufe iyakoki da lakwal da tashoshi, a lissafa abin da 'yan kaji suka yi asara a 2006 da kowa ya guji nama da ƙwai har masu lafiyayyun kaji suka rasa mai saye. Dabbobi suna cikin manyan abubuwan da Nijar ke fitarwa waje, ranar da maƙwabta suka ce ba sa karɓar namu saboda cuta, dillali da makiyayi da direban kamyo da duwan da baitulmali duk tare za su ji a jikinsu. Kuɗin diyyar kajin ƙauye goma bai kai kuɗin taro ɗaya na kwana uku da ake ɗauko mutane daga Yamai ba, a duba takardu a gani in ƙarya nake.

Kuma kar a ce talaka ba zai ba da haɗin kai ba. Manoman jahar nan da na Maraɗi su suka raya itatuwa wajen miliyan 200 a cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, gawo da sauransu, har duniya na zuwa kallo, kuma sun yi ne da suka tabbatar icen da suka bari ya girma nasu ne, ba wanda zai zo ya ci su tara a kansa. Mutumin Damagaram in ya ga abu ba zai cuce shi ba yana yinsa fiye da yadda aka zata. Haka zai yi da rahoton cuta in ya san ba zai tashi hannu biyu ba.

Ba kaji kaɗai ba ne fa. Ka tuna 2016 a jahar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, zazzaɓin Rift ya kashe mutum sama da 30, yawancinsu makiyaya. Cutar nan sauro ke yaɗa ta tsakanin dabbobi bayan ruwa mai yawa, alamarta ta farko tumaki da awaki su yi ta ɓari a garke, ƙanana su yi ta mutuwa, mutum kuma yana ɗaukarta wajen yanka da fiɗa, ko wajen jawo ɗan da aka ɓarar da hannu, ko shan madarar da ba a dafa ba. Dabbobi su ke riga mutane faɗuwa, makiyayi na gani da idonsa, amma sai mutane sun fara zubar da jini a likita sannan ƙasa ke farkawa. Yanzu dubi daminar 2024, ruwan da ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a garin nan, ya kashe ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasa, ya bar tabkuna ko'ina har cikin unguwanni. Irin wannan damina cutar ke so, kuma da yadda yanayi ke sakewa za mu ƙara ganin irinta. In gobe awaki suka fara ɓari a Tanut ko Gure ko Belbeji, wa Bafulatani ko Buzu zai kira? In ya kira wa zai ɗauka? In an ɗauka da wace mota za a je, kuma me za a ce masa in ya tambayi wanda zai biya shi in an hana shi sayarwa?

Raƙuma ma haka. Cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 daga raƙumi take kama mutum, tana kashe wajen ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, kuma an samu ƙwayarta a jikin raƙuman da ake yankawa a Kano, raƙuman Kano kuwa kowa ya san ta inda da yawansu ke bi. Irin ta Afirka ba ta yi ɓarna a jikin mutane ba zuwa yanzu, alhamdulillahi, amma abu ne da ke son a sa masa ido.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba sabon abu nake roƙo ba, alƙawari ne da aka riga aka ɗauka da sunanmu. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun amince kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, a fito a faɗa mana bana kashi nawa aka ba ta, kuma nawa ne ya iso ƙauye. Dokar lafiya ta duniya ta 2005 ta hau kan Nijar kamar yadda ta hau kan kowa, ta wajabta wa kowace ƙasa ta iya gano cuta da wuri ta sanar cikin gaggawa. A watan Mayun 2025 a Janiba ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar annoba, a cikinta an yarda cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a ɗaure suke da juna. Wannan magana ta lafiya ɗaya mun ji ta a rediyo har mun haddace, an kafa kwamitoci, an yi hotuna, an raba perdiyam, amma duk wannan bai sa wancan ma'aikacin ya samu litar esans ɗaya ranar da ake buƙatarta ba. Haba ranka ya daɗe, don Allah.

Kar kuma mu yaudari kanmu cewa wani zai zo ya yi mana. Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya a farkon 2025, ta kuma datse kuɗin agajin da take bayarwa. Lokacin korona mun gani da idonmu, ƙasashe masu kuɗi sun fara yi wa mutanensu allura tun Disambar 2020, mu sai watan Maris na 2021 kashin farko ya iso. Kullum ana maganar 'yancin kai da dogaro da kai, kuma ina goyon bayanta da zuciya ɗaya, to ga inda za a nuna ta, mu iya gane ciwon da ya tashi a ƙauyenmu da kuɗinmu da yaranmu, tun bai fita daga ƙauyen ba.

Ko cututtukan da muka saba da su a makare muke tarar da su. Daga Nuwambar 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jahar nan, 18 suka rasu. A 2023 ga mashaƙo a Matamai, cutar da ke da allurar rigakafi tun kafin a haife mu, tana shaƙe yara. A 2021 ga kwalara. Kowane karo hanya ɗaya ce, a fara binne mutane, sannan rapor, sannan samfuri ya kama hanyar Yamai kilomita kusan 900 zuwa CERMES, babban labon gwajin cututtuka na ƙasa, sannan tawaga ta zo da fararen motoci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da babbar likita ta ƙasa a garin nan, muna da jami'ar Andre Salifu, yara masu ƙwaƙwalwa na gama karatu su zauna a fada suna dafa shayi, mu ne jahar da ta fi kowace yawan jama'a a Nijar. Injinan gwajin da aka shigo da su ƙasar lokacin korona, a faɗa wa jama'a ina suke, suna aiki ko sun tsaya, akwai sinadarin gwaji ko babu, in kuran ya ɗauke me ke riƙe firigo. Kuma kowace babbar kasuwar dabbobi a samu ma'aikacin kiwo guda a tsaye ranar da take ci, da mashin mai mai, da akwatin sanyi, da safar hannu, da waya mai kuɗi a ciki. Shi kansa Niyukasal ɗin akwai allurarsa mai araha, in aka horar da matasa a kowane ƙauye suna yi wa kaji kafin ɗari, mutuwar da muka saba za ta ragu, in aka ga kajin da aka yi wa allura suna zuba kuwa kowa ya san wannan wani abu ne daban.

Sai maganar yarda. Korona ta shigo Nijar 19 ga Maris 2020, kuma bayan Yamai jaharmu na cikin waɗanda ta fi taɓawa a farkon lamarin. Ka tuna abin da ya faru a Mirya da aka hana sallar jam'i, matasa suka fito gari ya rikice. Ba zan ce sun yi daidai ba, amma doka aka saukar musu daga sama ba tare da an zauna da su ba. Mutanenmu kuma ba su manta da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, labarin ya tsallako iyaka ya zauna a zukata, shi ya sa duk mai farar riga da allura a hannu sai ya sha tambaya. Alhali addininmu bai bar mu a duhu ba, Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da aka ji annoba a cikinta, ya hana wanda ke ciki fita. Limamin ƙauye ya fi ni sanin wannan hadisin. Sarkin fawa yana gane saniya marar lafiya tun daga tafiyarta, ya san kuma wanda ke yanka a bayan gida da asuba don kauce wa dubawa. Dillali ya san daga wace kasuwa kowace dabba ta fito. Mai martaba Sarkin Damagaram da sauran sarakuna suna da masu gari har lungun da motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba. A zauna da waɗannan mutane yanzu da ake lafiya, a ba su lambar da za su kira, su ga kuma in sun kira ana zuwa, kar a bari sai ranar da za a rufe masallaci ko kasuwa sannan a tuna da su.

Iyaka kuma, duk abin da ke tsakanin gwamnatoci wannan naku ne manya, amma tsakaninmu da Jigawa da Katsina da Kano jini ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Dabbar da aka saya a Gure ko Tanut mako bai cika ba tana kasuwar Maigatari a Jigawa, 'yan cin rani na kai da komo, da aka rufe iyaka a 2023 mun ga yadda aka riƙa bi ta gonaki da mashin. Mashaƙo yana cikin ɓarna a Kano ya ɓulla a Matamai, namu ma in ya tashi can zai je. A bar likitocin mutane da na dabbobi na Magarya da Matamai da Dungas su riƙa magana kai tsaye da takwarorinsu na can, ko a WhatsApp ne, ba tare da tsoron a ce sun wuce gona da iri ba.

Akwai maganar magungunan da ake talla a faranti cikin rana, kafso ana sayarwa ɗaiɗai, makiyayi ya sayi kwalbar teramisin ya yi wa saniya allura da kansa gobe ya tatse ta a sha, haka ake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma a 2019 kaɗai wannan jurewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Akwai ruwa, don ba ka cewa mutum ya riƙa wanke hannu alhali bidon ɗaya sai ya bi layi tun asuba lokacin zafi. Akwai burtalin da gonaki suka cinye har mutane da dabbobi na shan tabki ɗaya, akwai ƙona daji don farautar gafiya da ɓera, alhali ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa a maƙwabta. Kowace ɗaya wasiƙa ce mai zaman kanta, ba zan buɗe su yau ba.

Hunturu na tafe, lokacin da kaji ke zuba, bayansa ƙura da zafi da sanƙarau. Ina roƙonka don girman Allah, kafin sanyi ya shigo ka tara daraktan lafiya da na kiwo da na muhalli a ɗaki ɗaya tare da sarkin fawa da shugabannin 'yan kaji da wakilan makiyaya da na mata, kar a tashi sai an yanke nawa za a biya, wa zai biya, daga wane asusu, da lambar da za a kira. A fita a faɗe shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Tubanci. In kuɗi ba zai ishi jaha duka ba a fara da Magarya da Matamai da Dungas da ke bakin iyaka, sauran su biyo baya. Mu malaman lakwal za mu faɗa wa yara a aji su kai gida, wannan na ɗau alƙawari a madadin abokan aikina da na yi maganar da su.

Ina jiran amsarka ranka ya daɗe. Wassalamu alaikum.

Wani malamin lakwal, unguwar Zango, Damagaram